Yadda Za Ka Zauna Lafiya a Ƙauyen da Ba Shi da Mai Gida

Idan zaman birni ya ishe ka, kuɗin haya yana ci maka tuwo a ƙwarya, har ka fara mafarkin komawa wani ƙauye inda kowa ɗan'uwan kowa ne kuma aljihu ɗaya ake da shi, to kafin ka ɗaure kaya fara koyon wanke-wanke. A gundumar Louisa ta jihar Bajiniya a Amurka akwai irin wannan ƙauye, sunansa Twin Oaks. Wasu 'yan tsirarun mutane ne suka kafa shi a 1967, bayan sun karanta Walden Two, littafin da masanin halayyar ɗan'adam B. F. Skinner ya fitar a 1948. Mutum wajen ɗari ke zaune a can. Gona ta kowa ce, gidaje da motoci na kowa ne, abin da aka samu daga sana'o'in ƙauyen asusu ɗaya yake shiga, kuma shekara da shekaru awara da gadon lilo na igiya sun kasance cikin manyan abubuwan da suka riƙa sayarwa. Kowane baligi yana da ɗakinsa, amma madafa da makewayi na tarayya ne. Kusan kowane aiki kai za ka zaɓa da kanka, ban da guda ɗaya: wankin kwanuka da gyaran ɗakin cin abinci, wanda yake zagayowa kan kowa mako-mako, ko da digiri nawa ya zo da su.

Daga nan sai ka ƙulla abota da takardar aiki, domin ita ce sarkin garin. An daɗe ana ɗora wa kowa awa 42 a mako, ko da yake adadin yakan ɗan hau ya ɗan sauka. Kada lissafin ya razana ka, don girki a ciki yake, raino a ciki yake, haka shara da tatsar shanu da jinyar mara lafiya. Duk mako za ka rubuta ayyukan da ranka yake so, mai tsara aiki ya haɗa takardun kowa ya cike giɓi, kai kuma ka riƙa rubuta abin da ka yi. Wanda ya zarce ƙa'ida ya tara wa kansa hutu, wanda ya gaza bashi na binsa, mara lafiya ana lasafta masa kwanciyarsa, tsoho kuma ana rage masa nauyi gwargwadon shekarunsa. Saboda haka ka saka alƙalami a aljihu kafin ka nemi fartanya. Wanda ya wuni yana kwashe kashin shanu ya manta bai rubuta ba, lada dai yana nan, amma hutu ya wuce shi.

Na san abin da za ka ce: wane irin zumunci ne wannan da sai an auna shi da agogo? Ai mutanen da ke ƙaunar juna ba sa ƙirga wa juna awa. Maganar tana da daɗin ji, amma tarihi yana da darasi a kai. A 1825 attajirin nan Robert Owen ya sayi gari sukutum a jihar Indiyana, New Harmony, ya buɗe ƙofa ga duk mai son zaman daidaito. Masana da masu iya magana suka cika gari, masu sana'ar hannu suka yi ƙaranci, aka yi ta sake tsarin mulki ana jayayya a kan wa ya yi aiki wa ya kwanta, kuma kafin 1827 ta ƙare an watse. Bahaushe ya san wannan ciwo daga gandu. Abin da ke riƙe 'ya'ya da ƙanne a gona ɗaya shi ne idon mai gida da kunyarsa, shi ya sa sau da yawa rasuwarsa ce mafarin rabon gona. Mutanen Twin Oaks ba uba ɗaya suka haɗa ba, ba su da shugaba guda da za a ji tsoro, ba su da addini ɗaya. Takarda ce ta tsaya musu a matsayin mai gida. Ita ke hana ka kwana kana ƙullatar maƙwabcinka don ka gan shi da rana tsaka yana lilo a inuwa. Wataƙila tun asuba ya gama da shanu, kuma a rubuce yake.

Akwai ƙorafi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. A can awa ɗaya awa ɗaya ce, ko ta mai gyaran inji ko ta mai tsinkar tumatir, kuma mai gwaninta yana da hujja in ya ce an tauye shi. Lallai wannan yakan sa wasu ƙwararru su koma inda za a biya su da tsoka. Amma tun farko ƙauyen ya gwada abin da littafin Skinner ya tsara, wato a ba aikin da ake gudu maki mai yawa, sai aka ga mutane sun koma wasa da lissafi, aka yi watsi da tsarin. Abin da daidaiton ya haifar kuwa babba ne: aikin da a yawancin duniya ake jibga wa mata ba ko sisi, goyo da girki da wanki, a nan darajarsa ɗaya da aikin da ke kawo kuɗi. In ka je, to, kada ka kuskura ka tambayi mai raino yaushe zai fara aiki. Yana kan aiki, kuma mai yiwuwa ya fi ka awoyi.

Sauran sha'anin na haƙuri ne da sakin hannu. Akwai ɗakin tufafi na kowa da kowa, ka ɗauka ka sa, ka mayar a wanke. In ka hangi rigar da ka yi kyauta jiya a jikin wani, yaba masa kawai ka wuce. Mota sai ka yi rajista tukuna, kuɗin kashewa na wata kuwa ba zai kai ka ga alfahari ba. Ko haihuwa kake so sai an zauna an duba, tunda ɗawainiyar yaron a wuyan kowa take, kuma wannan ƙa'ida ce da ba kowa zai iya haɗiyewa ba. In wani abu ya dame ka, kada ka nemi fadar sarki, babu ita. Akwai 'yan majalisar tsare-tsare da ake sauyawa, da manajojin sassa, da wani allo da ake maƙala takardun ra'ayi kowa ya karanta ya rubuta nasa a ƙasa. Koyi rubuta fushinka da hannu mai kyau, ka bar shi ya kwana kafin ka maƙala, domin wanda ka soka da shi za ka ci abincin dare.

Mutane da yawa suna zuwa su yi 'yan shekaru su tafi, ƙauyen bai ɓoye wannan ba, shi ya sa ba a karɓar kowa da gaggawa. Sai ka yi baƙunta ta mako uku kana aiki tare da su, sannan ka koma gida ka jira su yi shawara, in an amince ka shiga watannin gwaji. A makonnin nan rage yawan bayanin yadda za a gyara duniya, sun sha jin irinsa tun 1967. Zo aikinka a kan lokaci, ka tambayi inda ake ajiye soso, in ka gama da tukunya kuma ka duba gindinta kafin ka kife.