Ranar da Na Yi Gyangyaɗi a Gaban Tarihi

A goman ƙarshe na azumin 2012 na sauka wurin ɗan ƙanwata a birnin Siyatul na Amurka. Ranar Laraba, 15 ga Agusta, ya ce, "Kawu, tashi mu je kallon besbol, ka rage tsawon wuni." Can kuwa sai bayan ƙarfe takwas na dare ake shan ruwa, don haka ban yi musu ba.

Ni ƙwallon ƙafa na sani. Na zauna ina jiran a fara gudu, shiru. Wani ƙato ɗan Benezuwela, Felix Hernandez, ya hau ɗan tudu yana ta jifan wani da ya tsuguna, a tsakaninsu kuma ga mai kulki yana dukan iska. In ya gaji da jin kunya ya koma benci, wani ya zo ya karɓi tasa. Sauran mutum bakwai suna tsaye a fili kamar masu jiran mota a tasha.

A zagaye na uku 'yan gida, Mariners, suka ci maki ɗaya. Na gyara zama, na ce yanzu aka fara. Ashe an gama ke nan.

Na kusa da ni kuwa ya buɗe soyayyen dankali da ya sha tafarnuwa, yana ci yana lumshe ido, iska na kawo min ƙamshin har maƙogwaro. Don in ɗauke hankalina na ɗaga kai ga allo, na ga layin baƙi, Tampa Bay Rays, sifili ne reras. Sai na ɗaga murya da Turancina mai kyau: "Wai su waɗannan, har yanzu ko mutum ɗaya bai taka zangon farko ba?"

Layi uku suka waiwayo. Wata tsohuwa ta ɗora yatsa a baki tana harara ta. Yaron ya mintsine ni: "Kawu, don girman Allah! Ba a faɗa, sai abin ya lalace." Ashe Bature ma da camfinsa.

A zagaye na bakwai kocin baƙi ya fito ya yi cacar baki da alƙalin wasa, aka kore shi. Wannan kam na gane, na tafa har hannu ya yi zafi. Can sai kowa ya miƙe ana waƙa. Na ce alhamdu lillahi, na ɗauki hulata na nufi ƙofa, sai da yaron ya jawo ni ta gefen riga. Wai miƙa kawai ake yi.

A zagaye na tara jama'a duk suka tsaya, ni ƙafa ta ƙi. Ba na ganin komai sai bayan mutane, na ce bari in ɗan rufe ido. Ihu ne ya tashe ni, mai tafarnuwa ya rungume ni yana huci a fuskata.

Mutum 27 suka fuskanci Hernandez, ba wanda ya kai zangon farko, wato inda mai kulki ke fara rugawa in ya doki ƙwallo, 12 daga ciki da jifa kawai ya sallame su. An tashi 1 da 0. Karo na 23 ke nan da aka yi irin haka a tarihin babbar gasar besbol, kuma ba a sake gani ba sai 2023.

Tikitin yana nan a akwatina. Duk wanda ya tambaya ina ce masa ina wurin, daga nan sai in sako wata hirar.