Ranar Caji

Larabar nan ma haka aka yi. Ma'aikatan da aka ce su yi aiki daga gida, su riƙa leƙo biro sau ɗaya a mako, sun leƙo, kowa da jaka ta kumbura kamar mai shirin Makka. A zuge ta, dosiye ɗaya ne, sauran duk kayan caji: wayarsa biyu, ta uwargida, ta amarya don kada a ce an yi son kai, kwamfuta, tocilan, rediyon tsoho, da injin askin wani maƙwabci da ya roƙi alfarma. Tun daga Tibiri aka goyo su a kabu-kabu, saboda soket ɗin biro ba ya aiko wa kowa takardar NIGELEC. Tun da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023 Maradi ta san darajar soket. Wuta ta dawo, karatun ya zauna. A da kujerar kusa da shef ake wa rububi, yau ta jikin bango ce, har akwai mai zuwa da rariyar soket tasa ya zama sarkin biro na yini guda.

Masu kare tsarin za su ce akwai bincike, kuma akwai ɗin. A 2024 Nicholas Bloom na jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun buga sakamakon gwaji a kamfanin Trip.com na ƙasar Sin, kan ma'aikata 1,612: waɗanda aka bari kwana biyu a gida aikinsu bai ragu ba, masu ajiye aiki kuma sun ragu da kashi ɗaya cikin uku. Madalla. Sai dai su kwana uku suke zuwa, kuma ma'aikacin Shanghai ba ya shigowa da bashin gaisuwar kwana shida a wuyansa. Namu sai ya biya, ƙofa-ƙofa: ina kwana, ina gajiya, ya zafi, ya jikin tsohuwa, barka da sunan da bai je ba, ta'aziyyar da ya gani a WhatsApp ya yi shiru. Kafin ya gama an kira azahar. Gamsuwa kam ba a magana, dubi fuskarsa lokacin da batir ya kai ɗari.

Za a ce zumunci ma aiki ne, mutanen da ba sa ganin juna ba sa jan igiya ɗaya. Na yarda, ban da rigima da gaisuwa. Rigimata tana kan bencin waje, inda manomin Djiratawa ke zaune da takarda a leda. Ya baro zogalensa ranar ban-ruwa. Ya zo Litinin an ce sai Laraba, ya biya kuɗin mota ya koma, ya sake biya ya dawo, yanzu an ce mushe yana reniyo. Reniyon me? Mutum shida ne zagaye da soket suna gadin wayoyinsu kada wani ya zare. Sa hannu ɗaya ake nema, aikin da bai kai shan shayin farko ba, kuma wanda zai sa hannun ya ɗauki albashin wata cif.

In dai ranar caji ce, a ja waya ɗaya zuwa bencin nan. Wayar manomin ma ta mutu tun hantsi.