Lodin Da Ya Ci Pamir

A shekarun da fatake ke sauke goron Gwanja a kasuwar Jega, su huta, su sake ɗaura wa jakuna mangala su nufi Sakkwato da Kano, attajiran Turai ma dako ne ya dame su, sai dai nasu a kan teku yake. Jirgin katako ya yi musu kaɗan. Yana ruɓewa, yana yoyo, in kuma ya wuce wani tsawo sai gadon bayansa ya soma lanƙwasa. Daga wajen 1870 maƙeran jirage na Birtaniya, daga baya da na Jamus da Faransa, suka raja'a ga ƙera gangar jirgi da baƙin ƙarfe, can kuma suka koma ga tataccen ƙarfe wanda ya fi ƙwari da sauƙin nauyi. Inji dai ba su sa ba. Dogayen ginshiƙai suke kafawa, uku ko huɗu, wani lokaci biyar, su rataya musu filafilai na zane mai kaurin tamfol, iska ta yi sauran aikin.

Ba don babu jirage masu inji ba ne. Akwai su, kuma tun da aka buɗe mashigin Suwez a 1869 suka kwashe kasuwar kaya masu tsada da masu gaggawa. To amma mai inji kwal yake ci, kwal kuwa kuɗi ne, ga cin wuri. Iska kyauta ce. Saboda haka duk kaya mai nauyi, mai arha, wanda ba a matsu da isowarsa ba, sai aka bar wa jiragen iska: alkamar Ostareliya, gishirin taki daga hamadar Chile, kashin tsuntsaye daga tsibiran Peru, katako, da shi kansa kwal ɗin. Tafiya ɗaya wata uku, wata huɗu, ta ƙarshen Kudancin Amurka inda ake kira Cape Horn, wurin da teku ba ta san wasa ba.

A birnin Hamburg akwai gidan kasuwanci na Laeisz, waɗanda suka saba raɗa wa jiragensu sunaye masu farawa da harafin P. Gagarabadansu shi ne Preussen da aka ƙera a 1902: ginshiƙi biyar, yana ɗaukar kaya wajen tan 8,000, ma'aikatansa ba su cika 50 ba. Shekara 8 kacal ya yi. A Nuwamban 1910, a mashigin da ya raba Ingila da Faransa, wani ɗan jirgi mai inji, Brighton, ya hango shi ya raina gudunsa, ya ce bari ya gitta ta gabansa ya wuce. Suka gwabza. Iska ta kwashi Preussen ta maka shi a duwatsu kusa da Dover, bai ƙara tashi ba. Mai babur ɗin da ke gitta wa tirela a mahaɗar Jega kada ya damu, shi ba jirgi yake tuƙawa ba.

Wanda nake son ba da labarinsa ƙanen Preussen ne, sunansa Pamir. A 1905 aka ƙera shi a Hamburg, ginshiƙi huɗu, tsawonsa mita 114 da 'yan kai. Ya sha hannu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka miƙa shi ga Italiya a cikin diyyar yaƙi, Laeisz suka sake sayensa a 1924. A lokacin kasuwa ta riga ta juya: an buɗe mashigin Panama tun 1914, Jamusawa kuma sun gano yadda ake haɗa takin zamani a masana'anta, gishirin Chile ya rage daraja. A 1931 aka sayar da Pamir ga Gustaf Erikson, mutumin tsibiran Åland na ƙasar Finlan, wanda sana'arsa ke nan, sayen tsofaffin jiragen iska a kan kuɗin ƙarfensu. Mutum ne mai maƙo. Inshora ba ya yi wa jiragensa, ma'aikata kaɗan yake ɗauka, yara masu koyon aiki kuwa su ke biyansa. Amma a yi masa adalci: shi kansa tsohon kyaftin ne, ya san abin da jirgi ke iya ɗauka da abin da ba ya iyawa, kuma alkamar da jiragensa ke kwasowa daga Ostareliya a buhu take, buhu kan buhu, an jera an danne.

Niyu Zilan ta ƙwace Pamir a 1941 lokacin yaƙi na biyu, ta mayar a 1948, Erikson ya riga ya rasu shekara guda kafin nan. A 1949 Pamir ya zagayo Cape Horn da lodin hatsi, kuma daga shi babu wani jirgin iska na kasuwanci, marar inji, da ya sake bin wannan hanya da kaya. A 1951 aka sayar da shi da ɗan'uwansa Passat ga masu yanka ƙarfe a Beljiyam. Da an bar shi a nan, da labarin ya ƙare lafiya, an narkar da shi an yi wani abin amfani.

Sai wani Bajamushe, Heinz Schliewen, ya fanshe su, ya sa musu ɗan inji na taimako, bai jima ba ya karye. Daga nan kamfanonin jiragen ruwa na Jamus wajen 40 suka haɗa kuɗi suka karɓa. Niyyarsu mai kyau ce a baki: jirgin ya riƙa dako tsakanin Jamus da Ajantina, yana kuma horar da samari aikin teku. Ga riba, ga lada. Sai dai abin da mutum 40 suka mallaka, ranar rabo kowa nasa ne, ranar gyara kowa na wani ne. Tsatsa ta ci jikin Pamir, rufinsa na yoyo, kuɗin gyara na gagara, ana ta cewa a bari ya je ya dawo tukuna. Kun san wannan magana. A kowane harshe akwai ta.

A 1957 kyaftin ɗinsa na kullum, Hermann Eggers, ya kwanta rashin lafiya. Aka kawo Johannes Diebitsch, wanda ya yi aiki a jiragen iska tun yana saurayi, har a kan Pamir ɗin, amma bai saba jan babban jirgin iska mai ɗauke da kaya ba. Suka isa Buenos Aires ɗaukar sha'ir, suka tarar 'yan dakon tashar suna yajin aiki. Kowace rana jirgi ya kwana a tasha asara ce, masu shi kuma suna can suna ƙirga kwanaki. Sai aka ce ai lodi ba wani abu ba ne, yaran jirgi ma sa iya.

A nan zan ɗan tsaya, don duk labarin a nan yake. Tan 3,780 na sha'ir aka zuba a cikin Pamir, wato lodin tirela 126 in kowace ta ɗauki tan 30, kuma tsabarsa aka zuba, ba a buhu ba. Sai tan 255 kawai da aka ɗura a buhuna aka shimfiɗa a sama don su danne. Duk macen da ta taɓa ɗaukar gero a faranti ta san halin tsaba: ki karkata kaɗan ya gangara gefe guda, ki miƙe kuma ba zai koma inda yake ba sai kin sa hannu. Gwanayen lodi aikinsu ke nan, su shiga ramin jirgi da shebur cikin ƙura mai shaƙe numfashi, su tura tsaba kowane lungu har kada a bar mata wurin gudu. Yaran da ba su taɓa yi ba suka yi iyakar ƙoƙarinsu. Bayan haka akwai wani babban tanki a can ƙasan jirgin, wanda aka yi domin a cika shi da ruwa ya ba jirgi nauyi a gindi, ya hana shi kifewa. Aka duba aka ga ruwa ba ya kawo ko sisi. Aka cika shi da sha'ir.

Ran 10 ga Agusta suka tashi, mutum 86, daga ciki 52 'yan koyo ne, da yawansu ba su wuce shekara 18 ba. 'Ya'yan mutane. Iyayensu sun ba da su ne don su koyi sana'a.

Mako shida ana tafiya lafiya, wanda duk ya yi shakkar lodin sai ya ga kamar shi ne mai mugun baki. A can cikin Tekun Atalantika kuwa wata mahaukaciyar guguwa da aka sa wa suna Carrie tana yawo, gidajen rediyo suna ta gargaɗi. Mai kula da rediyon Pamir an haɗa masa da aikin takardu da lissafin jirgi, don a huta da albashin mutum biyu. Safiyar 21 ga Satumba guguwar ta riske su, nisan wajen mil 600 daga tsibiran Azores, filafilai a buɗe, wasu ƙofofi da tagogi ba a rufe ba. Iska ta kwantar da jirgin ta hagu. Jirgin iska ya saba kwanciya ya tashi, aikinsa ke nan. Wannan karo da ya kwanta sai sha'ir ya bi shi, ya taru a gefen hagu, ya zauna. Filafilai suka kekkece, wasu aka yanke su da wuƙa, duk da haka bai miƙe ba. Ruwa ya samu ƙofa. Tankin da za a cika a daidaita shi kuwa cike yake da kayan sayarwa. Suka aika kiran neman agaji, da misalin ƙarfe ɗaya na rana Pamir ya kife, ya ɗan yi yawo gindi a sama, ya nutse.

Ƙananan kwale-kwalen ceto da suka ɓalle duk sun farfashe, cike da ruwa, babu guzurin kirki. Samari suka maƙale a cikinsu, ruwa iya ƙirji. Ƙishi ya sa wasu suka sha ruwan gishiri, hankalinsu ya gushe, suka fita da kansu suna iyo zuwa inda babu komai. Jiragen ƙasashe da dama suka yi kwana 9 suna nema. Wani jirgin dakon Amurka, Saxon, ya tsinci mutum 5 bayan kwana biyu, washegari jirgin masu gadin gaɓar Amurka, Absecon, ya tsinci ɗaya shi kaɗai a wani kwale-kwalen. Shida ke nan. Mutum 80 sun tafi, har da kyaftin da dukan manyan jami'ansa. Mutanen Aliero sun yi suna wajen ɗori, daga nesa ake kawo musu wanda mota ta kakkarya su haɗa shi ya tashi, amma wanda ruwa ya ci ba shi da ɗori.

Hukumar binciken haɗarin teku ta zauna a birnin Lübeck, ta yanke hukunci a farkon 1958. Ta ce lodin ba daidai ba ne, tankin bai kamata a cika shi da hatsi ba, an yi jinkirin rage filafilai, an bar ƙofofi a buɗe. Masu jirgi da lauyansu suka dage cewa ƙarfin guguwa ne, abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Da a nan ne da kalma ɗaya ta ishe su, su ce ƙaddara, a shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Ba mai musun ƙaddara. Guguwa ba mutum ya aiko ta ba. Amma ba guguwa ce ta hana sayen buhu ba, ba ita ta kori ruwa daga tanki ba, ba ita ta ɗage gyara ba. Galibin laifin dai aka jibga wa kyaftin, shi kuwa yana ƙarƙashin teku, ba ya iya faɗin wanda ya matsa masa ya tashi. Direban da ya mutu a kan sitiyari ya fi kowa sauƙin ɗaukar laifi.

Shaidar da ta fi ta lauya ta zo da kanta. Makonni kaɗan bayan nutsewar Pamir, Passat na dawowa daga Ajantina da irin wannan lodi na tsabar sha'ir, hadari ya same shi, kaya suka gangara gefe guda, ya kwanta. Nasa kyaftin ɗin ya yarda ya yi asarar hatsi, ya sa aka buɗe wa tanki ruwa, suka lallaɓa a karkace har Lisbon ta ƙasar Fotugal. Ba a rasa rai ba. Daga wannan tafiya aka sallame shi daga dako. Yana nan har yau a ɗaure a Travemünde, mutane na biya su shiga kallo. Ɗaya daga fasassun kwale-kwalen Pamir kuma yana ajiye a wata majami'a a Lübeck, kusa da sunayen waɗanda suka mutu.

Labarin Jamusawa ne, tsakaninmu da teku kuwa tafiya ce ta kwana da yini. Don haka Alhaji mai tsohuwar mota ƙirar Kanta, wanda kakar albasa ta zo ya ce wa direba gyaran birki sai an dawo daga Kudu, ba da shi nake ba. Haka ɗan kamashon da ke kallon buhuna sun haura bodi, ya ƙara ɗora mutum goma a kansu, da 'yan yara masu zuwa cirani, ya buga ƙofa ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya soke kuɗinsa a aljihu ya koma inuwa. Haka jami'in da ke tsaye tsakanin Jega da Maiyama, wanda motar za ta zo wucewa a karkace ya miƙa hannu ya kau da kai. Su duka ba su da jirgi, ba su san sha'ir ba. In wani ya ji wani abu ya taɓa shi, to mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Mu dai namu jiragen na katako ne, a kan kogi suke. Ran 26 ga Mayun 2021 wani ya taso daga Lokon Minna ta Jihar Neja zuwa Wara, ƙaramar hukumar Ngaski, nan jiharmu ta Kebbi, da mutum fiye da 150, galibi mata da yara. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta ce tsoho ne, kuma an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Ya dare a tsakiyar ruwa, ba guguwa, ba hadari. Waɗanda aka ceto ba su wuce 20 da 'yan kai ba.