Soyayya Mai Rasit

Ba'amurken da ke zaune a ƙasar waje, ya auri 'yar can, ya kuma ce zai kai amarya gida, to ya tanadi haƙuri da injin kwafar takardu.

Da farko akwai fom I-130, inda zai gamsar da hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, cewa auren na gaskiya ne. Takardar aure kaɗai ba ta cika gamsar da su ba. Sai hotuna, sai asusun banki na haɗin gwiwa, sai takardar haya mai sunayensu biyu. A wurinsu, ƙaunar da ba ta da rasit abar tuhuma ce.

Sai fom I-864, alkawarin ɗaukar nauyi. Dole kuɗin shigarsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya. Albashin ƙasar waje kuwa, kamar na Dubai, in zai tsaya ranar da ya tattara komatsansa, ba ya shiga lissafi. Sannan ya nuna Amurka ce mazauninsa, ko zai koma tare da matar. Bawan Allah yana can, ana ce masa ya kawo shaidar yana nan!

Babban tarkon shi ne, saki ba ya warware I-864. A wurinmu idda ta ƙare, ciyarwa ta ƙare. A Amurka kuwa sai ta zama 'yar ƙasa, ko ta tara aikin kusan shekara 10, ko ta bar ƙasar ɗungurungum, ko ɗayansu ya rasu. Ango dai ya karanta da kyau kafin ya sa hannu.