Kalangun Kwamfuta da Gaisuwar Turai

Kawuna mahauci ne a Matameye, kuma kowa ya san ba a raba mahauci da kalangu. Da aka sa ranar auren ɗiyarsa, taubashiyata, sai ta aiko a ce mini tana son waƙar situdiyo irin ta Kano, wadda za a ambaci sunanta da na ango da na ƙawaye, a riƙa tura ta waya zuwa waya. Kawu ya yarda, amma da sharaɗi: "Ko da injin niƙa za ka yi ta, ni dai in ji kalangu a ciki." Da na taɓo maganar kuɗi ya ce tsakanin ɗa da kawu ba a ciniki. Duk mai kawu ya san abin da wannan ke nufi.

Situdiyon nawa shago ne da na lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai. Kayan aikin kuwa tsohuwar kwamfuta ce da na sayo gwanjo a Kano, da FL Studio ta kamfanin Image-Line na Beljiyam, wadda har yau muke ce wa Furuti saboda tsohon sunanta FruityLoops. Ita Furuti wurin jera kiɗa ce. Sautin kansa yawanci daga wasu ƙananan manhajoji yake fitowa da ake cusa mata, masu bin tsarin VST da Steinberg na Jamus ya fito da shi a 1996. A kansu ake kwana gardama a fadarmu, kuma mafi zafin baki wani ɗan kabu-kabu ne da bai taɓa taɓa kwamfuta ba, amma ya rantse Nexus ta fi kowace.

Na hau mota ta Takieta zuwa Damagaram, wurin wani abokina mai babbar na'ura, don in ji da kunnena. Ya buɗe mini Nexus ta reFX. Wannan ɗinkakkiyar riga ce a rataye a kasuwa: ka zaɓa, ka zura, ka tafi. Wata mai suna Serum kuwa yadi ne da almakashi, kowa da iya ɗinkinsa. Na bi jerin sautukan Nexus tun daga fiyano har sarewa, da wasu ƙararraki na gidajen rawar Turai da ko sunansu ban iya karantawa ba. Sauti mai tsabta, ba ƙarya, kuma in mai waƙa yana tsaye a kanka yana duba agogo ita ce mai fitar da kai kunya. Amma kalangu ban ci karo da shi ba. Na sami wata ganga dai, abokina ya ce in rage mata nauyi ta zama kalangu. Na ce masa bai san kawuna ba.

Serum, wadda Steve Duda ya rubuta, kamfanin Xfer ya fitar a 2014, ita ta ɗauke mini hankali. Kana ganin siffar sautin a kan allo, ka lanƙwasa ta, ka murɗe, kunnenka na jin abin da hannunka ke yi. Sai na tambayi kuɗinta. A lokacin dalar Amurka 189, ba dalarmu ta sefa biyar ba, wato sama da jika ɗari. Abokina ya ce ana iya biya kaɗan-kaɗan duk wata ta hanyar Splice, muddin mutum na da katin banki. Ni da bankina ke ƙarƙashin katifa, sai na yi mata sallama cikin mutunci.

A gida na sauko da biyu ta intanet ɗin waya, cikin dare. Ta farko Sylenth1 ce ta LennarDigital na ƙasar Holan, tsohuwar hannu, mai taushin sauti, wadda ba ta wahalar da kwamfutar talaka. Ta gwaji na ɗauko, ita kuwa tana da hali ɗaya: kusan kowane minti wata murya za ta faɗo cikin kiɗan ta gode maka da Turanci don ka gwada. Na ce ba komai, zan yanke wuraren daga baya. Da ita na shimfiɗa fiyanon da ke bin waƙar a baya. Ta biyu Vital ce ta Matt Tytel, ta 2020, dangin Serum a aiki, kuma akwai ta kyauta. Ko wa ya tambaye ni a fada, ita nake zaɓa wa mutumin Matameye, ko da yake duk lokacin da na tara mata sautuka fankar kwamfutata kan yi gurnani har maƙwabcin shago ya leƙo.

Da Vital na zauna ƙera kalangu. Na ɗauki sauti mafi santsi, na sa shi ya bugu ya mutu nan take. Na yayyafa ɗan ƙara a bakinsa don a ji saukar makaɗi kan fata. Sannan babban aikin: sa muryar ta hau ta sauka, yadda take yi in makaɗi ya matse tsarkiya a hammata ya saki. Da na gama na ji kaina ya yi girma. Na tuna Mamman Sani, wanda ya ɗauki kaset ɗinsa na ogan a Yamai tun 1978, na ce to ga magaji ya fito daga Matameye.

Don a yabe ni na kira tsohon da ke yi wa mahautan unguwarmu kiɗa. Ya sa abin ji a kunne, ya runtse ido.

"Sake."

Na sake.

"Yaro, wa ya koya wa abin nan magana?"

"Ni ne, Baba."

"To ka san me yake cewa? Cewa yake, biya bashi, biya bashi. Wannan za ka kai ƙofar kawunka ranar da dillalan shanu za su cika tabarma?"

Mahauci dai da bashi yake ɗaukar sa, sai ya sayar da nama ya biya, kuma Kawu ba ya cikin masu gaggawa. Baba ya jawo kalangunsa ya buga taken gidan su Kawu a gaban makirfo, na ɗauka na yayyanka na jera a Furuti. Ya miƙo hannu ya karɓi jika biyu. Cikin duk abin da na gwada a wannan aiki, shi kaɗai ne ba shi da na gwaji.

Daren jajibiri wuta ta ɗauke, na ƙarasa haɗawa da ragowar batir, ina ƙirga mintoci. Na fitar da waƙar, na zuba a katin waya, kwamfuta ta mutu.

Washegari da la'asar aka kafa manyan lasifika a ƙofar gida. Kalangun Baba ya tashi, Kawu ya gyaɗa kai, mata suka cika fili. An ambaci amarya, an ambaci ango, ana gama ambaton uwar amarya sai ga murya tar da Turanci, ta cika unguwa. Ƙafafu suka tsaya. Wata gwaggo ta ce, "Wane ne wannan kuma?"

Taubashiyata ta dube ni ta ƙasan mayafi, duban da ke cewa zan biya wannan har tsufana, sannan ta ɗaga murya: "Gwaggo, Bature ne ya aiko gaisuwa daga Turai."

Guɗa ta tashi. Bayan minti guda ya sake gaisuwa, aka sake guɗa. Kafin waƙar ta ƙare har an fara cewa Baturen nan akwai ladabi. Mutum ɗaya ne ya ƙi rawa, wani mushe mai koyar da Turanci, wanda ya jingina da bango yana share hawayen dariya. Ladan da Kawu ya ba ni ƙunshin kilishi ne, kuma rabinsa gidan mushen ya kwana.

Ba a yi mako ba wata hajiya ta sallama shagona, aurar da autarta za ta yi. Ta zauna ta jera sunayen da za a ambata, ta ajiye rabin kuɗi ba ciniki. Har ta kai ƙofa ta juyo.

"Af, ɗan nan, ka faɗa wa Baturenku, a tamu waƙar ya kama sunan yarinyar. Ko nawa ne zan ƙara."