Sannu Barde, Jarumin Gaban Talabijin

"Wallahi da ni ne a wurin, da sai wannan yaron ya gane kurensa!" Haka ka ce, kana buga cinya, jijiyar wuya a tashe. To sannu Barde. Gyara zama mu yi ta.

Shirin da ya tayar maka da hankali sunansa What Would You Do?, wato me za ka yi in da kai ne. Tashar ABC ta Amurka ce ta fara nuna shi a 2008, John Quiñones ke gabatarwa. Dabarar ba ta da wuya. A ɓoye kyamarori a gidan abinci, sau da yawa a jihar New Jersey, a zaunar da 'yan wasa cikin masu cin abinci na gaske. Mace mai jiki ta faɗi abin da za a kawo mata, mai kawo abincin ya dube ta sama da ƙasa ya ce anya ganye ba zai fi mata ba? Ko uwa ta janye faranti daga gaban 'yarta tana mata gorin ƙiba, da ƙarfi yadda na teburin kusa za su ji. Sai a jira. Wani ya sunkuyar da kai yana ta juya shayin da sukarinsa ya daɗe da narkewa. Wata ta ajiye cokali ta taso. Can sai ga Quiñones ya fito, a yi dariya, a share ƙwalla, a tafi talla.

Ka ce to ai shiri ne mai koyar da kirki, ni me na gani? Kasuwa na gani, malam. Akwatin da ke sayar maka da mai ceto, shi ya fara sayar maka da cin fuskar. Shekara huɗu kafin wannan, a 2004, tashar NBC ta buɗe The Biggest Loser. A tara masu ƙiba, a hau da su katon sikeli gaban duniya, mazan ba riga, masu horarwa na daka musu tsawa har wani ya yi amai a kan injin gudu. A ajiye musu kayan zaƙi don a ga wanda zuciyarsa za ta karye. Wanda ya fi zubar da nauyi ya tafi da dala 250,000. Miliyoyin mutane suka yi shekaru suna kallo. Wa ya ajiye cokali ya taso? Ba kowa. Ƙara murya aka yi.

Ka ce ai dai sun rame, tsawar ta yi rana. Sun rame kam, har aka tafa. Sai wani mai bincike, Kevin Hall, wanda a lokacin yake cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya bi sawun mutum 14 daga cikin waɗanda suka fafata a zango na 8. A 2016 ya fitar da sakamako: 13 nauyi ya dawo musu, huɗu ma sun wuce inda suka faro. Jikinsu ya koyi rowa, yana ƙona abinci ƙasa da yadda ya kamata ga mai girmansu, shekara shida bayan an kashe fitilun. Danny Cahill, zakaran zangon, ya zubar da sama da kilo 100, fiye da 40 suka dawo gida. Wannan ba a sa masa kiɗa ba.

Na ga ka gyara hula. Za ka ce gaskiya ɗaci gare ta, mai ƙiba in ba a faɗa masa ba yaya zai gyara? Allah Sarki! Ashe kai ne mai kawo labari. Mutumin da tela ke zagaya shi da awo kowace Sallah yana ƙara masa kuɗin yadi, shi ne ke jiran ka a bakin titi ka sanar da shi? A Ingila masu bincike na jami'ar UCL sun bi kusan mutum 3,000 tsawon shekara huɗu, suka wallafa a 2014: waɗanda suka ce ana wulaƙanta su saboda ƙiba nauyi suka ƙara, sauran suka ɗan rage. Maganin naka ke nan, likita.

Ka ce wannan duk rigimar Turawa ce, mu nan ƙiba ado ce, alamar hutu. Madalla. Shi ya sa namu bakin ya juya kan ramammu. Amarya ta shigo gidan biki wata uku da aure, wata gwaggo ta kama hannunta ta ɗaga sama: "Ke 'yar nan, wai ba ya ba ki abinci ne?" Ɗaki ya ɗau shewa. Kana tsammanin 'yan matan da ke haɗiyar sha-ka-fashe daɗinsa suke ji? Kuma mai jikin ma ba ta tsira ba: ta tsayar da adaidaita, direba ya ce sai dai ta biya kuɗin mutum biyu, ku da ke ciki kuna danne dariya. Kar ka ce mini wasa ne irin na taubasai. Taubashi yana ramawa, da haƙƙinsa ma. Baiwar Allahn nan ba taubashiyarka ba ce, ba ta ma san sunanka ba.

To ga babbar garkuwarka, na san ka ajiye ta sai ƙarshe. Ka ce ba halinka ba ne, halin taro ne, masana sun tabbatar in mutane suka yi yawa kowa jiran wani yake. Har ka san labarin Kitty Genovese, wadda aka kashe a Niyok a 1964, jaridar New York Times ta ce mutum 38 sun shaida ba wanda ya motsa. Ka yi karatu, ba musu. Masu bincike Darley da Latané sun gwada a 1968, suka ga lallai yawan jama'a na kashe wa mutum ɗaya gwiwa. Sai dai ka rufe littafin da wuri. Labarin 38 ɗin nan an tabbatar an zuzuta shi. Akwai maƙwabciyar da ta fito ta rungume Kitty. A 2019 kuma Richard Philpot da abokan aikinsa suka duba faifan kyamarorin titi na rigingimu 219 a Lancaster da Amsterdam da Cape Town. A tara cikin goma, wani ya shiga tsakani. Kuma in jama'a sun fi yawa, an fi samun mai shiga. Wato ana tasowa, Barde. Kullum ana samun mai tasowa. Kai ne dai ba a taɓa kamawa da laifin ba.

Ka ce tsoron rigima kake, kana da iyali. Wa ya ce ka naɗe hannun riga? Ba Shago ɗan dambe muke nema ba. Mai zagin ma ƙyale shi. In a adaidaita ne juya wajen matar, ka matsa mata wuri, ka ce "Hajiya shigo, akwai fili." In gidan abinci ne kira mai wurin. In biki ne canja zance, tambayi gwaggo yaya ciwon ƙafarta, za ta yi rabin awa tana ba ka labari, amarya ta samu ta sulale. In duk wannan ya fi ƙarfinka, rufe haƙoranka kawai. Mai gori ba ya son ɗaki shiru, dariyarka ce albashinsa.

Amma ai kai ba ka zauna haka nan ba, an gan ka. Da irin wannan ya faru a tasha, waya ka zaro ka ɗauki bidiyo. Ka ce don kafa hujja ne. To me ya kai hujjar zauren WhatsApp na 'yan ajinku, da fuskar dariya uku a ƙarƙashinta?