Fitilar Ƙarƙashin Kabad: Ire-irenta, Zaɓenta da Tsautsayinta

Fitilar ƙarƙashin kabad ita ce wadda ake maƙalawa a ƙasan kabad ɗin da ke manne da bangon kicin, don ta haska kantar da ake yanke-yanke a kai. Dalilinta ɗaya ne: ƙwan lantarkin da ke tsakiyar silin yana bayan mai girki, saboda haka inuwarta ce ke sauka a kan albasar da take yankawa. A gidajen Funtua da Malumfashi ba ta daɗe da shigowa ba, tare suka zo da tayil da murhun gas. Kafin ita, aci-bal-bal da fitilar ƙwai sun yi zamaninsu, sai tocila, sai fitilar waya da ake ba yaro ya riƙe, shi kuma ya haska ko'ina ban da tukunya.

Akwai mai siffar sanda, akwai ƙanana masu batir, amma wadda ta fi cika kasuwa ita ce igiyar LED, da ake sayarwa a nannaɗe, galibi mita 5, da gam a bayanta. Yawancinta da bolt 12 take aiki, wutar gida kuwa bolt 230 ce, don haka sai da adafta. Alherinta shi ne ana iya jona ta da batirin sola. A garin da ɗauke wuta ba labari ba ne, fitilar da ta dogara ga lantarki kaɗai ado ce kawai.

Launin haske shi ne inda ake yawan zamewa. Ana auna shi da Kelvin, kuma ana rubuta lambar a jikin kwali. Mai 2700 ja-ja ce irin ta tsohon ƙwai, mai 6500 fara ce fat da ɗan shuɗi-shuɗi, kuma ƙwari sun fi sonta. Mai 4000 tsaka-tsaki ce, ba ja ba shuɗi. Sai kuma nau'i na huɗu, mai sauya launi daga ja zuwa kore zuwa shuɗi, wadda ke zuwa da rimot. Wannan ba don girki aka yi ta ba, kuma an gwada an gani.

Wanda ya gwada ɗin shi ne mai wannan rubutu. Gab da faɗuwar wata damina ya kai masarar da ya ɓoye kasuwar Dandume don ya sayi taki, farashi ya yi kyau, ya dawo da rara a aljihu. Mai shagon fitilu ya nuna masa farar igiya, ya nuna masa mai launuka, ya ce kuɗinsu kusan ɗaya ne, ga kuma rimot kyauta. Namiji da rimot kuwa sai Allah. Bai kira mai wayarin ba, bai shawarci uwargida ba, ya ɓare takardar gam ya manna igiyar da hannunsa tun daga wajen wanke-wanke har saman murhu.

Kafin magariba yara sun danna wani maɓalli sun ɓatar da rimot ɗin, fitila ta tsaya a kan zagayen launuka ba ji ba gani. Daga nan aka tabbatar da abin da ilimin kimiyya ya daɗe da faɗa, cewa abu yana bayyana ne da launin hasken da ya mayar. A ƙarƙashin jan haske miyar kuka baƙa ce wuluk. A ƙarƙashin kore manja ne ke komawa baƙi, mai girki ba ta sanin ya soyu ko ya ƙone. Tuwon masara kuwa, da yake fari ne, duk launin da ya zo sai ya karɓa, kuma ba a sami yaron da ya yarda ya ci shuɗin tuwo ba.

"Malam, ko dai a kashe ta in kunna fitilar waya?" in ji uwargida.

"Ki yi haƙuri, sabo za ki yi," in ji shi.

Mahaifiyarsa da ta zo daga wajen Ƙafur ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ko biki ake yi ba a gaya mata ba.

Saura maganar gam. Gam ɗin da ke bayan igiyar ba ya jure tururi da maiƙo, balle katakon da ba a goge ƙurarsa ba. Ka'ida ita ce a sa igiyar cikin siririn gidan alminiyam a ɗaure da kusa, a gefen gaba na kabad, nesa da wuta, kuma a zaɓi mai rufin roba da ruwa ba ya shiga. A gidan da ake magana ba a bi ko ɗaya ba. Ruwan farko na sauka shinge ya fito, ya iske haske a daidai saman tukunya, tsaka kuma ta biyo shinge. Uwargida na cikin kore su da murfi, gam ya saki, igiya ta sulalo a hankali ta kwanta cikin miya tana ci gaba da ja, kore, shuɗi. Da yake bolt 12 ce ba wanda wuta ta ja, amma a gidan, da shayi da burodi aka kwana.

Ɓeraye ma suna cikin lissafi, domin a wannan yanki buhun hatsi ba ya nisa da kicin, waya mara bututu kuwa abin gwada haƙori ce a wurinsu.

Abin da ya dace da kicin ɗin manomi shi ne farar igiya mai Kelvin 4000, a kan batirin sola, da makunni a bango inda yaro ba zai sa shi a aljihu ba, kuma mai girkin ce za ta nuna wa mai wayarin inda take son haske. Irinta ce a kicin ɗin mai wannan rubutu yanzu. Mai launukan, bayan an wanke mata miya, tana jikin babur ɗin ƙanensa da ke acaba a Funtua, kuma ya ce fasinja sun ƙaru.